Kofin Auta da Fiyanon Gwanjo

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya yara, ya ƙafar babansu? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Kada ki ga takarda a hannun Dogo direba gabanki ya faɗi. Kin san ɗakinmu ɗaya ne, in na ɗaga waya ko numfashi na ja ƙanwarki Auta tana ji, saƙo kuma ba ya ɓuya don tana duba wayata. Shi ya sa na zauna a shago, kan teburin da muke yanka gilashi, na rubuto. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Wuyan Auta ya warke, tabon ya kwanta. Likitan da ya cire mata maƙoƙon ya ce maganarta ta dawo daidai, ta waƙa kuwa ba zai yi alkawari ba, sai ta gwada. To gwadawar ce ta ƙi. Tun da muka baro asibiti ban ji ta rera ko baiti ɗaya ba, ko tana wanki. In aka sa waƙar da ta yi amshi a ciki a rediyo, sai ta tashi ta kashe. Maƙwabcinmu maigadi, mai barcin rana, wanda da shi ke dukan bango in ta cika murya, ya tare ni a bakin famfo yana tambaya ko faɗa muka yi.

Mai situdiyon da take yi wa amshi ya aiko cewa zai riƙe mata gurbinta zuwa ƙarshen wata, bayan nan dole ya ɗauki wata mai amshi, aiki ya taru masa. Ban ga laifinsa ba. Ita kuma ta ce ba za ta je ta buɗe baki gaban mutane ba ta san abin da zai fito ba.

Sai na ce to bari in kawo mata situdiyon ɗaki. Na je wurin mai gwanjon kayan sauti na sayo fiyano na hannu, irin wanda suke ce wa midi. Tsawonsa bai fi hannuna ba. Fararen haƙoransa na tsakiya sun yi rawaya sun sulɓe, baƙaƙen kuwa kamar ba a taɓa ɗora musu yatsa ba. Ɗan allon da ke nuna lamba ya mutu, rubutun maɓallai ya goge, ɗaya an liƙa masa farin salatif. Na kawo shago na jona, na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Oga ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na sayo beben fiyano. Na naɗe shi a buhu na koma, raina a ɓace. Mai gwanjon ya ce ai irin wannan ba shi da murya tasa, ɗan aike ne kawai: ka danna shi, ya gaya wa waya, waya ta yi sautin. Ya ba ni wani guntun kebul, ya sa min manhaja. Yanzu in na danna, fiyano sosai ke fitowa, har da ƙananan haƙora a fuskar wayar suna kawo koren haske.

Yana shago tukuna, a bayan firam ɗin tagogi. Gobe zan kai mata. Ki taya mu da addu'a, kuma kada ki nuna mata kin sani.

Ki gaida yara. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki, Mai Gilashi

*

Sarkin Haƙuri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar baban yara da sauƙi, bakinsa ne bai taɓa ciwo ba.

Takardarka ta same ni ina tsakiyar ɗinki. Na karanta sau biyu, na farko don in gane rubutun, na biyu don in yi dariyar beben fiyano. Wato kai da ba ka iya ko tafi daidai ba, kai ne ka sayo kayan kiɗa. Allah Ya yi maka albarka. Ba kowane miji ba ne zai lura cewa matarsa ta daina waƙa a bakin wanki, wani ma murna zai yi.

Amma bari in gaya maka halin yarinyar nan, ni na goya ta. Auta ba ta yarda a gan ta tana kasawa. Tana ƙarama in ta faɗi, sai ta duba ko akwai mai kallo kafin ta yi kuka. Saboda haka in ka kai mata, ka jona, ka nuna mata, ka fita. Kada ka tsaya mata a ka da wannan fuskar taka ta tausayi. Kuma kada ka yabe ta in ba ta yi abin yabo ba, tana gane ƙarya tun kafin a gama ta.

Na aiko mata da gyale mai laushi, ka ce na ce don wuyan. Ka rubuto min duk yadda aka yi, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Yayarku

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Gyale ya iso, ta ce a gode miki.

Marar daɗin ne.

Na yi yadda kika ce. Na jona mata, na nuna mata, na fita. Sai dai ban yi nisa ba, na zauna kan matakalar bene inda ake jiyo ɗakinmu. Ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Can na ji ta danna haƙori ɗaya. Ni ma na san shi, farin da ke hagu da baƙaƙe biyu na tsakiya. Mai fiyanon situdiyo daga nan yake ba ta murya a waƙar da ta fi ƙwarewa a kai, tun kafin mu yi aure. Ta fara. Yaya, farkon ya fito da kyau, har na ji idona ya yi zafi. Da ta zo wurin da waƙar ke hawa sama, inda da take wucewa kamar tana shan ruwa, sai muryar ta tsinke. Ta koma farko. Ta sake tsinkewa a wuri ɗaya. Na ji ta yi tari, ta sha ruwa, ta kuma gwadawa. Ban san sau nawa ba. Daga baya sai shiru.

Da na shigo na tarar ta rufe shi da zane, wayar tana kife a kan gado, tana tsince shinkafa. Ban tambaya ba. Ita ta ce, ba ta ko ɗago ba: “Na gode da ka saya. Gara da na sani a ɗaki.”

Washegari ta kuma gwadawa, da ranar da ta biyo baya. Yanzu ta bari. Ta ce in je in gaya wa mai situdiyo ya ɗauki wata, kada a ɓata masa lokaci. Na ce to, ban dai je ba. Kullum in ta tambaya sai in ce aiki ya riƙe ni, kuma ta san ba aiki ba ne.

Abin da ke cina shi ne ni na kawo abin nan da hannuna. Da tana da ko shakka, yanzu ta tabbatar. Tana ci tana sha, tana min magana, har tana dariya in na faɗi shirme. Amma ɗakin ya zama kamar shago ranar da aka ɗauke wuta.

Ki gaida mutan gida.

Ƙanenki

*

Ƙanena,

Salamu alaikum. Na gani, na kuma yi kuka na share.

Kada ka ɗora wa kanka. In muryar ta tafi, ta tafi ko da fiyano ko babu. Ka sa ta a motar Dogo ta zo nan ta huta, akwai keken ɗinki na biyu, hannunta zai samu abin yi. Shi kuma beben naka ka mayar wa mai shi, ko ka ba Oganka ya yi teburi da shi. Ba na son ta riƙa buɗe ido tana ganinsa.

Ka je wurin mai situdiyon, jan ƙafa ba zai canza komai ba.

Allah Ya ba mu haƙuri irin naka.

Yayarku

*

Zuwa ga Malam, tsohon mai fiyano,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaisuwa irin ta ɗa da uba, da fatan Malam yana lafiya da iyali.

Malam bai san ni ba. Ni mai yankan gilashi ne, ni na sayi fiyanon da Malam ya kai wa mai gwanjon kayan sauti. Shi ya yi min kwatancen gida, ya ce kunnen Malam ya yi nauyi, rubutu ya fi waya. Ba ƙorafi na kawo ba, tambaya ce.

Matata mawaƙiya ce, an yi mata aiki a wuya. Ta gwada muryarta da fiyanon nan ta kasa kaiwa inda ta saba, ta ɗauka muryar ta mutu. Gurbinta a wurin aiki saura kaɗan a ba wata.

Ga abin da na gani. Tana da wani kofin gilashi mai kauri. Da can ta taɓa kai shi situdiyo da wasa, ta ce muryarsu ɗaya. Mai fiyanonsu ya ƙwanƙwasa shi ya nemo haƙorinsa, ya ce gaskiyarta, shi ne haƙorin da take farawa da shi. Tun daga nan ba a shan komai a cikinsa, da shi take ɗaukar murya a gida. Jiya ta haɗa kayan waƙarta a leda, har da kofin, ta ce in bayar. Ni kuma a sana'armu ba ma ɗaukar gilashi ba mu ƙwanƙwasa shi da farce ba, ta haka muke jin ko da tsaga a ciki. Na kawo ledar shago tare da fiyanon, da niyyar mayarwa. Ina fito da kofin hannuna ya yi abin da ya saba. Ya yi ƙara tas, ba tsaga. Sai na ce bari in ji su tare sau ɗaya. Na jona fiyanon, na danna haƙorin nan, na buga kofin.

Malam, ban iya kiɗa ba, amma ba su zama ɗaya ba. Fiyanon ya fi kofin tsini. Gilashi kuwa ba ya canza murya sai in ya tsage.

Sai na dubi fuskar wayar da kyau. In na danna farin da ke hagu da baƙaƙe biyu, ba shi ke kawo haske a waya ba, wani baƙi ne can dama da shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne haka yake, ya gusa gaba da taki uku. Tun ranar farko nake ganin koren hasken nan, ban taɓa duba ko a ina yake sauka ba. Ita kuwa kife wayar take yi.

Na cire shi daga wuta na mayar, bai sauka ba. Mai gwanjon ya ce shi sayarwa ya sani. Maɓallan babu rubutu, ina tsoron in danna abin da zai ƙara lalata shi. Shin lalacewa ce, ko haka aka saita shi? In saiti ne, yaya ake sauke shi?

A gafarce ni da tsawon bayani. Ni, ɗan da Malam bai sani ba, ina jiran amsar Malam.

Mai Gilashi

*

Zuwa ga ɗana Mai Gilashi,

Wa alaikumus salam warahmatullahi wabarakatuhu. Na samu takardarka, na gode da ladabinka. Allah Ya ba maiɗakinka cikakkiyar lafiya.

Ka kwantar da hankalinka, fiyano lafiyarsa ƙalau. Ni na ɗaga shi.

Na yi shekaru ina koya wa yaran firamare waƙa. Da girma ya zo, yatsuna suka sandare, ba na iya miƙa su kan baƙaƙen haƙora, sai na koma buga komai a kan farare. To muryar yara a sama take, in na buga musu a inda hannuna ke so, sai su yi ta gunaguni kamar tsofaffi. Wani tsohon ɗalibina ya nuna min cewa ana iya ɗaga fiyanon gaba ɗaya, hannu yana wuri ɗaya, sauti yana hawa. Na ɗaga shi taki uku, yara suka samu wurinsu, ya adana min saitin yadda ko an cire wuta ba zai sauka ba. Da allon yana aiki da ka ga lamba uku a jiki. Allon ya mutu, ni kuma na saba har na daina tunawa, shi ya sa ban gaya wa mai gwanjon ba. Raina bai yi daɗi ba da na ji inda abin ya je ya faɗa.

Ga yadda za ka yi. Maɓallin da na liƙa wa farin salatif, ka danne shi kada ka saki. Kusa da shi akwai biyu a jere, na hagu saukarwa, na dama ɗagawa. Ka taɓa na hagun sau uku, sannan ka saki mai salatif. In kana so ya zauna haka, ka danne na ƙarshen layi har 'yar jar fitilarsa ta ƙifta.

Ka gaya wa maiɗakinka, taki uku ba wasa ba ne. Na ga mawaƙa masu lafiyar wuya da aka ɗaga musu biyu kawai suka yi ta kame-kame. In har ta kai kusa da saman waƙar a haka, ni dai ban ga abin kuka ba. Amma ni ba likita ba ne, kuma ban ji ta ba.

Kofin nan ku riƙe shi da kyau. Na yi aiki da mutane da yawa da ba su kai shi tsayawa kan magana ɗaya ba.

Wassalam.

Tsohon malamin waƙa

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki ajiye ɗinkin ki zauna, wannan mai tsawo ce. Keken naki na biyu kuma ki nemi wata.

Ban mayar da beben ba. Ashe ba muryar Auta ce ta sauka ba, fiyanon ne ya hau. Tsohon mai shi malamin yara ne, ya ɗaga sautinsa don ya dace da muryarsu, ya manta a haka. Duk kwanakin nan tana danna haƙorin da ta saba, shi kuma yana ba ta wanda ya fi shi sama. Kofinta na gilashi ne ya tona shi. Malamin ya rubuto min yadda ake saukewa, na gwada a shago, na buga kofin, suka haɗu kamar murya ɗaya. Oga ya ce in ruga gida in gaya mata.

Ban ruga ba. Na tuna maganarki cewa tana gane ƙarya tun kafin a gama ta. In na kai mata shi a sauke na ce sake gwadawa, ta kai, za ta ce na sa an rage mata ne don tausayi, kamar yadda ake sunkuya wa yaro. In ta sa wannan a ranta, ko mai situdiyo ya rantse ba za ta yarda ba. Saboda haka na mayar da shi sama yadda yake, na ɗauko shi da kofin na dawo da su.

Da ta gan ni da kayan ranta ya ɓaci, ta ce ba ta ce in bayar ba? Na ce zan bayar, amma akwai abin da ya ɗaure min kai, ni ba mai kunne ba ne, ta duba min. Na jona, na ajiye kofin da cokali a gabanta, na juya wayar fuskarta sama. Na ce ta danna nata, ta buga kofin.

Ta yi don in ƙyale ta. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta sake bugawa. Ta sake dannawa. Ta ɗaga kofin ta duba shi a hasken taga, ta ce ko ya tsage ne? Na ce wannan kam fannina ne, lafiyarsa ƙalau. Na nuna mata inda koren hasken ke sauka, na miƙa mata takardar malamin. Ta karanta a tsaye. Ita da kanta ta danne mai salatif, ta taɓa na hagu, tana bugun kofin bayan kowace taɓawa, har suka haɗu.

Ta dubi fiyanon. Sannan ta ce, “Wato da 'yan firamare nake ta kokawa.”

Na miƙe zan fita yadda kika koya min. Ta ce, “Zauna. Ai na san kana matakala.”

Ta fara. Da ta doso wurin nan na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Ta wuce, Yaya. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba kamar da ba ne sak. Can ƙololuwar akwai ɗan kaushi, kuma numfashinta bai kai yadda yake ba, sai da ta yanke baitin biyu. Ita ta fara faɗa kafin ni. Amma ta kai, ta sake, ta kuma kaiwa. Daga nan ta sa gyalenki a fuska ta yi kukan da ba ta yi ba tun asibiti, ni kuma na rasa abin yi na tashi na wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Ta tambaye ni ko na je wurin mai situdiyo. Na ce aiki ya riƙe ni. Ta ce Allah Ya ƙara min irin wannan aikin.

Gobe za ta je da kanta. Ta ce in ya ji kaushin ya ce a'a, ta yarda, amma da bakinta za a yanke, ba da na fiyanon yara ba.

Ki gaida babansu da yara. Sauran bayani sai ta dawo.

Ƙanenki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Dogo yana hon a ƙofar shago, a tsaye nake rubutu.

Mai situdiyo ya riƙe ta. Ya ce ta fara da ƙananan amshi har numfashin ya cika. Fiyano yana kan teburi, kofi yana kusa da shi, ta hana ni ko taɓawa.

Ɗazu da hantsi tana wanki tana waƙa, maigadi ya doki bango. Ta katse waƙar, ta dube ni. Sai muka ji ya ce daga can, “Ban ce ki daina ba, Hajiya. Ki dai rage.”

Ba ta rage ba.

Sai mun zo.

Ƙanenki, Mai Gilashi